Muryar Amami da Ta Ratsa Tokyo

A kudancin Japan, tsakanin Kyushu da Okinawa, akwai tsibirin Amami Oshima. Mutanensa sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1609 mayaƙan masarautar Satsuma suka ci su da yaƙi, daga baya aka tilasta musu noman rake har abin kai wa baka ya gagara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma Amurka ta riƙe tsibirin, sai 1953 ya koma hannun Japan. Cikin wannan ƙunci waƙoƙinsu na gargajiya, shima-uta, suka yi kauri. A bakin mutanen Amami "shima" ƙauyen mutum ne, mahaifarsa, shi ya sa kowane ƙauye da nasa salon.

Nan aka haifi Hajime Chitose a 1979. Tun tana ƙarama take kaɗa sanshin, mai tsirkiya uku da ƙoƙon da aka rufe da fatar mesa, kuma a 1996, tana 'yar sakandare, ta lashe babbar gasar waƙoƙin gargajiya ta Amami. Sai dai ita gyaran gashi ne a ranta. Ta tafi Osaka koyon sana'ar, magungunan gashin suka ƙi jikinta, dole ta haƙura ta nufi Tokyo. Rabon waƙa ne ya kira ta.

A 2002 ta fitar da waƙar "Wadatsumi no Ki", wadda Ueda Gen ya rubuta, ta hau ta zama ta ɗaya a jadawalin cinikin waƙoƙi na Oricon. Kiɗan na zamani ne, da ɗanɗanon rege, kalmomin kuma Japananci ne gama-gari. Abin da ta taho da shi daga gida maƙogwaronta ne. Saurari yadda take jan baiti: muryar tana fitowa daga ƙirji, kwatsam ta karye ta haura siririya kamar zare, ta yi 'yar rawa, ta sauko. Wannan karyawar ita 'yan Amami ke kira guin. A ganina nan ta sha gaban masu ɗora kayan kiɗan gargajiya a kan waƙa don ado kawai. Ita gargajiyar a numfashinta take.

A watan Agustan 2005 ta tsaya gaban kangon ginin nan da bam ɗin nukiliya ya bari a Hiroshima, Sakamoto Ryuichi yana kaɗa mata piyano. Ta rera fassarar waƙen Nazim Hikmet, mawaƙin Turkiyya, a kan yarinya 'yar shekara bakwai da bam ɗin ya ƙone.