Daga tsohon gidan yari zuwa gonar Notse: yadda OIC ta girma



Mu 'yan ajin ƙarshe tambaya ɗaya ce ke bin mu duk inda muka zauna: to, bayan walima sai me? Mun ga yayyenmu da suka riga mu fita. Wani ya samu tafiya ƙaro karatu, wani yana koyarwa a makarantar unguwa, amma da yawa suna bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Lome ta ratsa Blitta ta nufi Sokode da Dapaong, suna kan babur suna jiran fasinja. Takardarmu ta Larabci ce, ofis kuwa Faransanci yake tambaya. Shi ya sa bana muka zaɓi mu kawo muku labarin wata ƙungiyar koyar da sana'a da ake kira OIC, wadda marasa aiki ne dalilin kafa ta, kuma tana da reshe a nan Togo.

Asalinta birnin Filadelfiya ne a Amurka. A can akwai wani fasto baƙar fata, Leon Sullivan, wanda aka haifa a 1922. A zamaninsa kamfanoni suna sayar wa baƙaƙen fata kaya, amma ba sa ɗaukar su aikin kirki. Sai ya haɗa kai da fastoci wajen 400, suka ce wa jama'arsu kada su sayi kayan duk kamfanin da ba ya ɗaukar 'ya'yansu aiki. Kamfanoni suka ji a aljihunsu, suka buɗe ƙofa.

A nan ne fa abin ya juya. Ƙofa ta buɗe, aka ce a kawo masu aiki, sai aka tarar yawancin matasan ba su iya aikin da ake nema ba. Sullivan bai tsaya zargin kowa ba. A watan Janairun 1964 ya buɗe wurin koyar da sana'a a cikin wani tsohon gidan yari da aka daina amfani da shi. Mutanen unguwa suka yi karo-karo, kamfanoni suka ba da injuna, aka fara koyar da ɗinki da keken lantarki, aikin ƙarfe, haɗa kayan lantarki da aikin gidan abinci.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsarin da suka bi. Ba sa fara koyar da sana'a sai sun je sun tambayi masu ɗaukar ma'aikata wane irin hannu suke bukata, har su zauna tare a tsara darasin. Shi kuma mai koyo, kafin ya taɓa inji, sai ya bi ta wani ajin share fage. A can ake gyara masa karatu da rubutu da lissafi, a koya masa zuwa a kan lokaci, da tsafta, da yadda ake magana da mai ba da aiki. Ana kuma koya musu tarihin baƙar fata, don wanda ya daɗe ana ce masa ba zai iya ba, sai an fara cire masa wannan daga zuciya. Bayan ya gama, ƙungiya ce ke nema masa wurin aiki, ta kuma riƙa bibiyarsa. Kun ga ke nan takarda ba ita ce ƙarshen tafiya ba a wurinsu.

Ku gwada wannan da abin da muka sani a gida. Uba ya kai yaro wurin tela ko kafinta ko bakanike, a sa hannu a yarjejeniya, a biya. Yaro ya yi shekara uku ko fiye, farkonsu shara ne da aike. Ranar yaye shi a kafa rumfa, a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Washegari ba keke, ba shago, ba jari. Ba muna raina iyayen gidanmu masu sana'a ba ne, Allah ya saka masu, ai su ne suka riƙe garin nan. Amma teloli nawa unguwa ɗaya za ta iya ciyarwa? Wa ya taɓa zuwa tasha ya tambayi direbobin manyan motocin da ke wucewa Burkina wane gyara ne suke rasa mai yi a Blitta?

Daga Filadelfiya abin ya bazu da sauri. Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya ziyarci wurin a 1967, gwamnati ta zuba kuɗi, rassa suka haura ɗari a biranen ƙasar. Sannan ya ƙetaro Afirka: Legas a 1970, Gana a 1971, Togo a 1976. A nan ba su kwafo ɗinki da aikin ƙarfe ba. Sun duba sun ga ƙasar manoma ce, sai suka kafa cibiyarsu a yankin Notse, can kudu da mu a kan wannan hanyar tamu, suna koya wa matasa noma da kiwo. Wannan ya burge mu, musamman mu da muke zaune a ƙasar doya da auduga amma kowa yana jin kunyar a gan shi da fartanya.

Sai dai akwai wurin da muke ganin sun yi tuntuɓe. Girman da suka yi da kuɗin gwamnati suka yi shi. Da gwamnatin Amurka ta rage irin wannan tallafi a shekarun 1980, rassa da dama suka rufe. Mai jiran tuwon maƙwabci dole wata rana ya kwana da yunwa.

Shi kansa Sullivan yana da wata dabara da ba ta jiran kowa, wadda ya fara tun 1962. Ya nemi mutanen cocinsa kowa ya riƙa ba da dala 10 ta Amurka duk wata har wata 36. Kuɗin watannin farko na taimakon jama'a ne, sauran kuma hannun jari ne na wanda ya zuba. Da irin wannan kuɗin suka gina rukunin shagunan Progress Plaza, aka buɗe a 1968, mallakar baƙaƙen fata. Da muka karanta sai muka yi dariya, don ai adashi ne, irin wanda iyayenmu mata suke yi kullum, sai dai shi an ɗaura masa niyya mai nisa.

Mun zauna a aji mun buga lissafin da kuɗinmu. In mutum 50 a Zongo suka riƙa ba da sefa 1,000 duk wata, a wata 36 an tara 1,800,000. Akwai wanda ya ce a sayi kekunan ɗinki, muka ce a'a, a fara zagaya kasuwa da tasha a ji abin da ake nema tukuna. Ajin share fage kuwa ba ya bukatar gini, don azuzuwanmu a rufe suke daga la'asar. Abin da ya rage shi ne wanda zai koyar da Faransanci da lissafi da yamma, da kuma dattijon da kowa zai yarda ya riƙe kuɗin. Mun rubuta wa kwamitin iyaye takarda a kan haka, muna roƙon a saka maganar a zaman da za a yi bayan walima.