Ɗakin karatun da TETFund ta gina, wa ke riƙe da makullinsa?

Duk wanda ya zaga jami'o'in gwamnatin tarayya a 'yan shekarun nan zai ga gine-gine masu ɗauke da tambarin TETFund: ɗakunan lacca, ɗakunan kwamfuta, da sababbin sassa na laburare inda ake son ɗalibi ya zauna ya yi nazari bayan an tashi daga aji. Ana zana su da kujeru masu yawa, da wurin cajin waya, da intanet. Abin da zanen ba ya nunawa shi ne mutumin da zai buɗe ƙofar da safe, da abin da zai faru ranar da ya ƙi zuwa.

Asusun da ke gina waɗannan wurare daga yajin aiki ya samo asali. Yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992 ita ce ta haifi harajin ilimi a 1993, wanda aka sake wa fasali ya zama TETFund a 2011. Shi ya sa idan aka ce wa malamin jami'a yajin aiki ɓarna ne kawai, yakan nuna ginin da ake tsaye a cikinsa. Ga da yawansu, musamman waɗanda suka daɗe a aikin, gwamnati ba ta sakin kuɗi sai an rufe aji, kuma tarihi bai ƙaryata su ba: alkawarin naira tiriliyan 1.3 na farfaɗo da jami'o'i a 2013 ma bayan dogon yajin aiki aka yi shi.

Sai dai kuɗin asusun na gini ne da kayan aiki da littattafai da horo, ba na albashi ba. Ginin na iya tsayawa sabo fil, masu kula da shi kuwa suna bin bashin watanni. Laburare guda kan haɗa 'yan ƙungiya uku ko huɗu. Ƙwararrun ma'aikatan laburare a sahun malamai suke, don haka ASUU ce tasu. Mai jera littattafai da mai gadin ƙofa da mai tada janareta suna NASU ko SSANU, masu fasahar ɗakin gwaje-gwaje kuma suna NAAT. Ko ɗaya daga cikinsu ta janye, an kashe fitila.

Shekarar 2022 ta nuna hakan ƙarara. ASUU ta fara yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, bayan Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta umarce ta da komawa. SSANU da NASU sun shiga nasu daga ƙarshen Maris zuwa Agusta. Gwamnati ta riƙe albashi bisa ƙa'idar ba aiki ba biya. Malamai suka ce koyarwa kashi ɗaya ce kawai cikin aikinsu, akwai bincike da hidimar al'umma. Wasu kuma, waɗanda suka kafa ƙungiyar CONUA da aka yi wa rajista a watan Oktoban shekarar, suka ce yajin ya daina amfani, ɗalibi kawai yake cutarwa. Da aka saki albashin wata huɗu ga malamai aka bar sauran ma'aikata, sai SSANU da NASU suka yi yajin gargaɗi na kwana bakwai a Maris ɗin 2024. Wanda ya ga an biya abokin aikinsa an tsallake shi, da wuya a roƙe shi ya bar ƙofa a buɗe don tausayin ɗalibi.

Akwai abin da mai zanen gini zai iya yi. Zauren karatu mai ƙofarsa daban, wanda ba ya ratsa wurin ajiye littattafai, ma'aikaci ɗaya ko biyu sun isa su kula da shi. Tagogi manya da iska mai ratsawa suna rage dogaro da na'urar sanyaya ɗaki, abin da ya ƙara muhimmanci tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A a Afrilun 2024. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019. Irin wannan wuta, idan ta kai zauren karatu, ba ta jiran mai zuba man dizal.

Amma zane yana da iyaka. Ɗalibin da aka rufe masa ɗakin kwana ya koma Gusau ko Lokoja, zauren karatu ba ya amfana masa komai ko da a buɗe yake. Kuma barin wuri a buɗe lokacin yaji magana ce ta sulhu, sai an zauna da rassan ƙungiyoyin tun babu rikici an amince da ayyukan da ba za a taɓa ba. Jami'in da ke shirya takardar amincewa da sabon gini a Abuja zai kyauta idan ya tambayi hukumar jami'ar ma'aikata nawa ginin ke buƙata, 'yan wace ƙungiya ne, da kuma ko an ji ta bakinsu kafin a kira ɗan kwangila.