Gidan Sori: in wasa ya zama cin zali, wa zai raba?

Kowace shekara, in an koma lakwal cikin watan Oktoba, azuzuwan CI na cika maƙil, amma kafin a kai CM2 sai a ga benci ya yi sarari. Ana ɗora laifin a kan talauci, aikin gona, talla da auren wuri, kuma duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ba kasafai yake shiga rahoton da dirakta ke aika wa sufeto ba: yaro na gudun yaro ɗan'uwansa.

Gidan Sori komin ce ta karkara a gundumar Gidan Rumji, jahar Maraɗi, cikin ƙasar Gobir, kusa da iyakar Najeriya. A nan, kamar a karkarar Agye da Gazawa, ba kowace tunga ce ke da lakwal ba. Yaran tungaye da na rugage sai sun taka sayyada, su ratsa gonakin hatsi da na wake, kafin su iso. A wannan hanya, inda ba mushe ba uwa, a nan ake yin yawancin abin da manya ba su gani.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara bakwai da ke CP. Uwarsa ta ba shi dala goma ta ƙosai ko awara. Wani ƙato ɗan CM1, wanda ya maimaita aji har ya kai shekara goma sha uku, ya tare shi ya karɓe, ya gargaɗe shi da cewa in ya faɗa, gobe zai sha kashi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Daga nan sai yaro ya fara kukan ciwon ciki da safe. In an tilasta masa, ya ɗauki allo da kaye ya fita, ya laɓe gindin gawo har a tashi. Uban yana kasuwar Maraɗi ko ya tafi ci-rani, ba zai san kome ba sai ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Nan take a ɗauko bulala. Wanda aka cuta a hanya an sake cutar sa a gida, kuma ƙarshen zancen shi ne a yanke hukunci cewa ba shi da kan boko, a miƙa masa hauya.

Wasa daban, cin zali daban

In an kai ƙara, amsar da aka saba ji ita ce yara ne, wasa suke. Amma a ƙasar da aka san darajar wasa, bai kamata a kasa rarrabewa ba. Wasan taubasai da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar, yana da ƙa'ida: ka faɗa mini, in faɗa maka, mu tashi muna dariya. Cin zali kuwa gefe ɗaya ke dariya.

Masanin nan Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a birnin Bergen na ƙasar Norwe, ya bayyana alamomi uku da ake gane shi da su: ana yin sa da gangan, ana maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin ramawa. Faɗan yara biyu sa'o'in juna a kan ƙwallo, wanda aka yi yau aka manta gobe, ba ya cikin wannan lissafi.

Ba duka kaɗai ne cin zali ba. Akwai laƙabin da ake manna wa mai i'ina, ko zabiya, ko mai ɗingishi, ko wanda rigarsa ta yage, har sunan yanka ya ɓace. Akwai ƙauracewa, wadda ta fi yawa tsakanin ƴan mata: a daina kula yarinya, a hana ta shiga gaɗa, a tashi daga inda ta zauna. Wannan ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa ba mai ganin sa.

Baƙo ma yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Tun daga 2019, dubban iyalai da suka gudo wa ƴan bindiga daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallako cikin jahar Maraɗi, musamman gundumar Gidan Rumji, har hukumomi da HCR suka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Harshe ɗaya ne, jini ɗaya ne, amma yaron da bai taɓa jin Faransanci ba, aka zaunar da shi da waɗanda ya girme, abin dariya yake zama in ba a kula ba.

Gadon sambol

Ma'aikatan gwamnati da dama da suka yi lakwal a shekarun baya ba su manta da sambol ba, wato ɗan ƙashi ko wani tarkace da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa. Hanyar rabuwa da shi ɗaya ce: ka yi kwanton ɓauna ka kama wani. Wanda ya kwana da shi ya sha hukunci. Wannan al'ada da aka gada daga zamanin Turawa ta koya wa yara cewa tsirarka tana cikin faɗuwar ɗan'uwanka.

Ko inda aka daina sambol, inuwarsa ta rage. In aji ya cika ya batse, ko mushe ya tafi bin albashi, ko ana yajin aiki, sai a bar babban yaro da tsumagiya da takardar rubuta sunayen masu surutu. Iko ne aka ba wanda bai san nauyinsa ba, kuma ba wuya ya gane cewa ana iya share suna da ƙuli-ƙuli biyu. Ɗan kasuwar da ke kukan masu tare hanya suna karɓar na goro, ya kamata ya tambayi kansa inda aka fara koyon sana'ar.

Ba a nan kaɗai ba

Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, wato kashi 32 cikin ɗari, ƴan'uwansa sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci binciken. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48. Rahoton ya ce kamannin jiki ne babban abin da ake fakewa da shi, kuma waɗanda ake yawan cin zalinsu sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen fashin makaranta. A shekarar ce ƙasashen UNESCO suka keɓe Alhamis ta farko ta watan Nuwamba don yaƙi da wannan ɗabi'a. Faransa kuwa, da dokar 2 ga Maris 2022, ta mai da cin zali a makaranta laifin da kotu ke hukuntawa.

A Nijar ma ba a rasa takardu ba. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Dokar LOSEN ta 1 ga Yuni 1998 ta ɗora wa gwamnati nauyin ilimin yara, sannan dokar 5 ga Disamba 2017 ta tanadi kariya ga ƴan mata masu karatu. Amma doka tana Yamai, gindin gawo yana Gidan Sori.

Maganin da ba ya cin kuɗi

A Norwe, sai da yara uku suka hallaka kansu a ƙarshen 1982 sannan gwamnati ta tashi tsaye a 1983. Tsarin da Olweus ya gwada a makarantun Bergen ya rage abin da kusan rabi, kuma ba da gini ko motoci ba: malamai su fito fili lokacin hutun hantsi su sa ido, kowane aji ya tsara ƙa'idojinsa, a zauna da iyayen mai yi da na wanda ake yi wa.

Ba wanda ya fi ƙarfin ƙauye cikin waɗannan. Kwamitocin kula da makarantu da aka sani da COGES, da ƙungiyar iyayen yara, da ta uwaye mata, sun saba zama a kan zana da alli da gyaran rumfa. Sai su ƙara wannan batu a cikin abin da suke tattaunawa. Yaran tunga ɗaya su riƙa tafiya tare, a damƙa ƙanana amana a hannun manyansu a gaban mai gari. A karɓe tsumagiya daga hannun shugaban aji. Shi kansa mai cin zalin a bincika halinsa, don sau da yawa da yunwa yake zuwa, ko kuwa abin da ake yi masa a gida yake saukewa a kan wani. Bulala ba za ta koya masa kome ba sai abin da ya riga ya iya.

Saura uba. Wanda ke ƙirga buhunan aya da na wake kowane dare, ko ma'aikacin da aka tura aiki nesa da iyali, ba zai rasa minti biyar na tambayar ɗansa ba: da wa ka taho yau, me ka ci da kuɗinka, ina bik ɗin da aka saya maka? In yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, to, a ajiye bulala, a jawo shi kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tun yana ɗanye ne kuma ya fi saurin karyewa.