Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a shekarar 2024, a wasu gidajen abinci na birnin New York, idan mutum ya shiga sayen soyayyar kaza, mai karɓar kuɗin da za ta yi masa maraba ba ta cikin ɗakin, fuskarta kaɗai yake gani a allo, alhali tana zaune a ƙasar Filifin, inda dare ya tsala sa'ad da rana take tsaka a New York? Ladanta kuwa, bisa ruwayar jaridu, dala 3 ne a sa'a, mafi ƙarancin ijarar da doka ta wajabta a birnin a wannan shekarar kuma dala 16 ce. Haƙiƙa an tauye haƙƙin ma'aikata biyu, na nesa da na kusa da aka maye gurbinsa.