Kalmar "Lodi" da 'Yan'uwanta a Harshen Hausa

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a ƙasar Hausa ya ji 'yan kamasho suna cewa mota kaza ce ke lodi, wato ita ce ke kan layi, tana ɗaukar fasinja da kayansu. Kalmar ta zauna daram a bakin jama'a, har yaro mai tasowa ba zai yi zaton baƙuwa ba ce. Alhali kuwa daga Ingilishi aka aro ta, daga kalmar load, wadda a tsohon Ingilishi take nufin hanya ko tafiya, kafin ma'anarta ta koma kan kayan da ake tafiya da su.

Ba abin mamaki ba ne da kalmar ta shigo mana tare da abubuwan hawa na zamani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ba a daɗe ba cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka shiga tara buhuna ana zuba su cikin taragu zuwa bakin teku. Daga baya manyan motoci suka biyo baya. Leburori da 'yan dako da suka yi wannan aiki sun ji kalmar a bakin Turawa da akawuna, suka gyara ta daidai da harshensu. Da yake Bahaushe ya fi son kalma ta ƙare da wasali, sai ya ƙara mata "i", kamar yadda ya yi wa bokiti da burodi.

Abin da ke nuna cewa kalma ta zama 'yar gida shi ne ta karɓi dokokin nahawun harshen da ya are ta. Lodi ta yi haka. Daga gare ta aka sami aikatau "loda", kuma yana bin tsarin ajin aikatau na Hausa, wanda masanin nan F. W. Parsons ya bayyana a 1960. Mukan ce an loda buhuna a mota, an lode kayan kaf, direba ya lodo itace daga daji, ko kuwa an loda wa wane aiki. Har ma akan ce kaya lodi-lodi, ana nufin masu yawan gaske. Haka kuma muka sami "obalodi", wato ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, laifin da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, suke kama direbobi a kansa.

To, amma fa kafin zuwan jirgi da mota Hausawa fatake ne, masu bin ayari zuwa Gwanja da Agadas, saboda haka harshensu cike yake da kalmomin ɗaukar kaya, kuma kowace da wurinta. "Ɗora" ita ce uwa, tana nufin sanya abu a kan wani, kamar a ɗora wa mutum tulu a ka, ko a ɗora tukunya a murhu. Mutanen Sakkwato da kewaye sukan ce "aza" a wannan wuri. Kalmar takan wuce kaya na zahiri, shi ya sa ake ɗora wa mutum laifi, ko alhaki, ko haraji.

"Labta" kuwa ta dabbobin dako ce. Jaki da raƙumi da takarkari ake labta wa kaya, bayan an sa akumari, an daidaita mangala ko taiki dama da hagu don kada nauyi ya rinjaya gefe guda. In aka ce an labta wa ma'aikaci aiki, mai sauraro zai fahimci cewa an mai da shi tamkar jakin fatake. "Jibga" tana ɗauke da ma'anar tara abu mai nauyi ba tare da tsari ba. "Danƙara" ita ce a danna kaya da ƙarfi don su shiga wurin da bai isa ba, kamar auduga a buhu. "Shaƙe" da "maƙare" suna bayyana halin abin da aka cika har ba sauran masaka tsinke. Sai kuma "ɗura", wadda ake yi ta ƙaramar kafa, kamar ɗura mai a tanki ko albarushi a bindiga, da "ɗana", wadda ake yi wa tarko da kibiya.

Masu karatu za su lura cewa Bature yakan yi amfani da kalmarsa guda a mafi yawan wuraren nan. A nan ne haɗari yake ga mai fassara a ofis da ɗalibi mai rubuta insha'i. Wanda ya saba tunani da Ingilishi, da zarar ya ga load sai ya rubuta lodi, ko ta dace ko ba ta dace ba. Ta haka ne za a ji an ce maharbi ya loda bindigarsa, ko mace ta loda tulu a kanta. Idan takardar ma'aikata ta yi maganar yawan aikin da ke kan malami, nauyin aiki ake nufi. Idan kamfanin lantarki ya yi sanarwar rage nauyi a kan na'urorinsa, abin da talaka yake bukatar ji shi ne za a riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa, bi da bi. Sanarwar da jama'a ba su gane ba, an yi asarar takarda da tawada.

Zamani bai daina kawo wa kalmar sabon aiki ba. Tun da wayar hannu ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, mutane suke cewa sun loda kati. Haka nan in shafin intanet yana jan ƙafa kafin ya buɗe, sai a ce yana lodi. Amma abin sha'awa shi ne, da aka zo maganar aika hoto ko murya zuwa intanet da ɗauko su daga can, jama'a da kansu suka koma ga tsofaffin kalmomin fatake, suka ce a ɗora, a sauke. Babu kwamitin da ya tilasta musu, kunnensu ne ya zaɓa, kuma ya zaɓa daidai.

Shawararmu ga ma'aikata da ɗalibai ita ce a bar lodi a inda ta yi kaka-gida, wato tasha, da tashar jirgi, da sito, da na'urorin zamani, gama ta biya kuɗin zama a can. A sauran wurare kuwa, mai rubutu ya tsaya ya tambayi kansa: mene ne ake ɗauka, a kan me, kuma ta yaya? Amsar za ta nuna masa ko ɗorawa ce, ko labtawa, ko ɗurawa. In ya yi shakka, ga ƙamusun Bargery na 1934, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ga dattawa a zaure waɗanda suka ga ayari da idonsu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma kalma guda ta aro ba za ta iya ɗaukar aikin kalmomi tara na gado ba. Allah ya sa mu gane.