Ko Ka Sani? Kan Jirgin Ƙasan da Aka Tsaga Don a Ga Cikinsa

Ko ka san cewa a birnin York na ƙasar Ingila akwai wani kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi wanda aka tsaga gefensa da gangan? Sunansa Ellerman Lines. An ƙera shi a 1949, ya ja taragu har aka sallame shi, aka kai shi majibgar tsofaffin ƙarafa a garin Barry. Daga can aka ɗauko shi a 1974, aka yanke ɓarinsa guda, aka girke shi a gidan tarihin jiragen ƙasa na York, wanda aka buɗe a 1975.

Dalilin wannan aiki shi ne wata matsala da ke damun gidajen tarihi a ko'ina. Kan jirgin tururi inji ne na wuta da ruwa da gumin mutane. Idan aka kashe wutarsa, aka goge shi, aka kewaye shi da igiya, abin da ya rage sai tulin ƙarfe. Baƙo zai zo ya jinjina girmansa, ya ɗauki hoto, ya wuce, bai san abin da ke juya ƙafafun ba.

Me ke cikin cikinsa?

A bayan kan jirgin akwai murhu, inda ake zuba kwal. Gaban murhun doguwar tukunya ce cike da ruwa, kuma bututai masu yawa sun ratsa ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Zafin wuta da hayaƙi suna bi ta cikin bututan, su tafasa ruwan da ke kewaye da su. Wanda ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa a kan murhu ya ga asalin abin. Bambancin kawai, a nan an toshe wa tururin hanya har ƙarfinsa ya taru. Ruwa idan ya zama tururi a sarari, girmansa yakan ninka fiye da sau 1,600, don haka duk inda aka buɗe masa ƙofa, da ƙarfi yake fita.

Ƙofar da ake buɗe masa ita ce ta silinda. Yana shiga ya tura fistin gaba, sannan a sako shi ta ɗaya gefen ya dawo da shi baya. Dogayen sandunan ƙarfe su ɗauki wannan kai-komo su mayar da shi juyin ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ma ba a barinsa ya tafi a banza. Ana harba shi sama ta bakin hayaƙi, a kan hanyarsa ya zuƙo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ci. Wato gwargwadon wahalar da injin ke sha, gwargwadon yadda yake hura wutar kansa. Wannan harbin tururi shi ne ƙarar nan ta "cuku-cuku" da ake ji, sau huɗu a kowane juyin ƙafa idan injin mai silinda biyu ne.

Duk wannan a ɓoye yake a bayan farantin ƙarfe. A jikin Ellerman Lines kuwa, yaro ɗan firamare zai iya bin hanyar wutar da idonsa daga murhu zuwa bakin hayaƙi. Gani ya kori ji.

Me ya sa ba a tayar da tsofaffin kawunan jiragen duka?

Tsada ce da haɗari. Tukunyar da ke riƙe da tururi mai ƙarfi, idan ta tsufa ta fashe, kisa take yi. Saboda haka hukumomi ba sa yarda a kunna mata wuta sai an kwance ta an duba. Gyaran shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman ya ɗauki shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, ya kuma ci fiye da fam miliyan 4. A Amurka, katafaren kan jirgin Big Boy mai lamba 4014 ya shafe fiye da shekara hamsin a girke a garin Pomona na jihar Kalifoniya, kafin kamfanin Union Pacific ya karɓe shi ya gyara, ya dawo kan dogo a 2019. Ƙananan gidajen tarihi ba su da wannan ƙarfi. Ga kuma wata damuwa: duk ƙarfen asali da aka cire aka sa sabo, wani yanki na tarihin ne ya tafi.

To, yaya za a yi da wanda ke tsaye?

Abu na farko, a bar mutane su hau. Wanda ya tsaya a mazaunin direba, ya ga ƙanƙantar tagar da ake leƙen hanya ta cikinta, ya kama abin sakin tururi da hannunsa, ba zai manta ba. A ba shi shebur ya ɗaga, a gaya masa cewa a jirgi mai sauri mai zuba kwal yakan jefa kimanin tan guda cikin awa ɗaya, yana tsaye a kan dandamalin da ke girgiza, wuta na dukan fuskarsa.

Na biyu, motsi da sauti. Ana iya ɗaga ƙafafun kaɗan daga dogo, injin lantarki ya riƙa juya su a hankali, a ga yadda sandunan ke aiki. Jan fitila a cikin murhu, da sautin usur da na tururi daga lasifika, ba su da tsada.

Na uku, labari. Kan jirgin Mallard, wanda shi ma yana York, ya yi gudun mil 126 a awa, kimanin kilomita 203, ranar 3 ga Yuli, 1938, kuma har yau babu kan jirgin tururi da ya karya wannan tarihi. A 2013, da aka cika shekara 75, an tara shi da 'yan'uwansa biyar da suka rage a duniya, biyu daga cikinsu an yo jigilarsu daga Amurka da Kanada. Jama'a suka yi ta tururuwa, domin sun san labarin abin da suka zo gani.

Mu fa?

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Irin waɗannan injuna, masu cin kwal ɗin Inugu, su suka riƙa kwashe buhunan dalar gyada da auduga da fatu zuwa bakin teku. Garuruwa irin su Zariya da Minna da Kafanchan sun bunƙasa da hayaƙinsu. Duk inda tsohon kan jirgi ya rage a ƙasar nan, ya cancanci rumfa da fenti da allon bayani da Hausa, domin tsatsa ba ta jira. Abin da ya fi gaggawa kuma shi ne mutanen. Dattawan da suka tuƙa waɗannan injuna, suka zuba musu kwal, suka yi musu gyara, ƙalilan ne suka rage. A je a same su, a naɗi muryoyinsu, a kai ɗalibai su saurare su a gindin injin tun suna da ƙarfin bayani.