Ƙwayar Cutar da Ke Zaune a Maƙogwaro

Yau maganarmu a kan maƙogwaro ce. In ka buɗe baki gaban madubi, za ka ga ƙululu biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Likitoci suna kiransu tansil. Aikinsu tare cuta, kamar dogarai a ƙofar gari.

To, akwai wata ƙwayar cuta da ke son zama a cikinsu. Sunanta Epstein-Barr, don Epstein da Barr suna cikin masanan da suka gano ta a Ingila a 1964. Ta yawu ake ɗaukarta. A ƙasashenmu yawanci tun ana yara take shiga, wajen cin abinci tare ko tauna wa jariri abinci. In ta shiga, ta zauna ke nan har ƙarshen rai.

Ƙwayar tana ɗauke da wani sashe na gadonta da ake kira LMP1. Shi ne ke iza ƙwayoyin jiki su yi ta yaɗuwa ba tsayawa, har ya taimaka wa ciwon daji na bayan hanci.

Mutum nawa ke da shi? Cikin manya 10 a duniya, fiye da 9 suna ɗauke da ƙwayar, kuma duk inda take, sashen nan yana tare da ita. Saboda haka in an same shi a maƙogwaronka, kada hankalinka ya tashi. Ga yawancin mutane barci yake yi, garkuwar jiki ta danne shi. Kaɗan ƙwarai ne ke yin ciwon, ya kuma fi yawa a kudancin Sin da Afirka ta Arewa.

Amma a kula da yara. Inda zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, ƙwayar takan haɗu da shi ta kawo kumburin muƙamuƙi, wanda Likita Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Gidan sauro kariya ne.

Ga alamun da ba a zama da su: ƙululu a wuya wanda ya ƙi sauka, toshewar hanci gefe ɗaya, haɓo a kai a kai, kunne ɗaya ya rage ji, ko kumatun yaro ya kumbura da sauri. Kada a kai wa wanzami. Aska ba ta fid da ƙwayar, sai ƙarin rauni. A tafi asibiti da wuri, gama ciwon da aka tara tun yana ƙarami ya fi jin magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.